Ɗigon Jinin Yaya

A gida Auta ake ce mata, duk da furfura ta fara leƙo mata ta gefen kunne. A jami'a kuwa Dakta suke kiranta, amma ba likita ba ce, harkar sinadarai ta karanta. Shekarunta na baya-bayan nan kaf sun ƙare ne a kan wani ɗan kati da bai fi katin banki girma ba.

Takarda ce mai shan ruwa, an buga mata layuka da tawadar kaki. Kakin ya zama bango, tsakanin bangon kuma ga 'yan hanyoyi sirara kamar zare. In aka ɗiga jini a bakin katin, sai ya bi hanyar da kansa, jan ya tsaya a baya, ruwan jinin ya wuce har wata 'yar da'ira a ƙarshe. A da'irar akwai sinadarin da ke cafke wani furotin da hanta kan yawaita zubarwa cikin jini idan kansa ta fara kama ta. In furotin ya yi yawa, da'irar ta koma shuɗiya. In babu, ta zauna fara. Gwajin da sai an je babban asibiti an bi layin inji, ita so take a riƙa yin sa a kowane ƙaramin asibiti, da abin da bai kai kuɗin kofin shayi ba.

Hanta ce ta kashe mahaifinsu. Ba a gano ciwon ba sai da cikinsa ya kumbura, idanunsa suka yi ɗorawa. Auta tana 'yar sakandare a lokacin. Ba ta taɓa ce wa kowa shi ya sa take wannan aiki ba, kuma a gidansu ba wanda ya taɓa tambaya.

Da injin buga katunan na ɗakin gwajinsu ya mutu aka rasa kayan gyaransa, wajen yayanta ta nufa. Yaya yana da shagon buga takardu: kalanda, katin gayyata, rubutun jikin riguna. Ƙaton mutum ne mai dariya da ƙarfi, wanda tawada ba ta fita daga faratansa ko an jiƙa su kwana. Shi ya riƙe gidan bayan rasuwar Baba, shi ya ga karatunta har ƙarshe. Ya juya zanen katin a hannu, ya ce, "Wannan tsutsar kike ta yi wa kuka? Kawo nan." Ya ɗaura raga a firam, ya ja kakin da roba kamar yadda yake yi wa riguna. Sun ɓata takarda mai yawa kafin layukan su fito tsaf, amma sun fito. Tun daga nan shi ke buga mata, yana kiran katunan 'yan tsakinta.

Ranar da abin ya faru, da safe ne, kuma safiya ce mai daɗi. An canza sinadarin da'irar, an gwada sabon bugu da jinin da asibiti ya ba su na majinyatan da aka riga aka san ciwonsu. Duk suka yi shuɗi. Na lafiyayyu suka zauna farare tas. Auta ta jera katunan a kan tebur tana kallonsu, ta kasa zama. Ta je taga, ta dawo, ta wanke hannun da ba abin da ya taɓa shi.

Ana haka Yaya ya turo ƙofa da ƙafa, rungume da kwalin takalmi cike da ragowar bugun.

"Ina uwar 'yan tsaki? Zo karɓi, hannuna ya gaji."

"Yaya, ya yi! Wallahi ya yi! Zo ka gani."

Ya sunkuya a kan teburin yana huci saboda matakala, ya dubi masu shuɗi, ya dubi farare.

"To, madalla. Yanzu sai ki yi ƙiba ki huta. Waɗannan fararen na su wa?"

"Na masu lafiya."

"Ai sai ki ƙara da nawa, ki ga jinin maza." Ya miƙo yatsa.

Ba sabon abu ba ne. Yana cikin waɗanda suka amince a riƙa ɗiban jininsu tun farkon aikin, kuma kusan duk zuwan da zai yi sai ya ba da yatsa yana raki kamar an yanka shi. A da katin bai iya nuna komai ba, gudun jinin kawai ake dubawa. Ta goge yatsan da auduga, ta ɗan soke shi, ya yi ihun ƙarya, ta matso ɗigo guda. Wayarsa ta yi ƙara, ya koma bakin taga yana faɗa da wani mai kalanda a kan launi.

Ta tsaya tana kallon jinin yana bin hanyarsa. Jan ya tsaya inda ya kamata. Ruwan ya kai da'ira. Ta juya ta ɗauki biro, da ta waiwayo sai ta ga gefen da'irar ya fara duhu. Ta yi tsammanin inuwar hannunta ce, ta janye hannun. Shuɗin bai tafi ba, ƙaruwa ma yake yi.

"Yaya," ta ce, muryarta ta fito siririya, "kawo ɗaya yatsan. Na taɓa wannan da hannu, ya lalace."

Ya rufe bakin wayar. "Ke mayya ce? Jinin nawa za ki ƙarar?" Ya miƙo mata hannu ta baya ba tare da ya juyo ba, ya ci gaba da faɗansa.

Na biyun ma haka. Ta buɗe durowa ta tura su ciki, ta jingina da ita.

"Ya ake ciki? Na ci jarrabawa?"

"Sai ya bushe. Zan kira ka."

Ya dangware mata kai kamar yadda yake yi tun tana ƙarama, ya fita yana fito. Tana jin takunsa a matakala har ya ɓace.

Nan take ta soki nata yatsan. Fari. Ta ɗauko kati daga ƙasan kwalin da ya kawo, ta sake sokar kanta. Fari. Ta shinshina kwalbar sinadarin kamar hanci zai gaya mata wani abu, ta duba sanyin firij, ta ɗaga kati tana hango layukansa a haske ko za ta ga inda kaki ya tsage. Shekara da shekaru tana roƙon Allah abin nan ya yi aiki. Yau ga ta tana nema masa aibi ido rufe, kuma da ta samu da ta yi sujada.

Farfesa, shugaban sashensu, dattijo ne da ba ya gaggawar magana. Ta same shi a ofis yana goge tabarau, ta ajiye katunan biyu a gabansa.

"Na wane majinyacin ne?"

"Na yayana ne."

Ya sa tabarau, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce ta zauna. Ba ta zauna ba.

"Dakta, kin fi ni sanin cewa katin nan ba likita ba ne. Yau ya fara tafiya. Furotin ɗin nan kuma yakan hau don wasu dalilai, ko kumburin hanta ma yana ɗaga shi. Kar ki je ki ce masa yana da kansa, domin ba ki sani ba."

"To in yi shiru?"

"Ban ce ba. Ki kai shi asibiti a auna da inji, a yi masa hoton ciki. Gobe in da hali."

"Farfesa, ba ka san Yaya ba."

"Ban san shi ba. Ke kika san shi, ai shi ya sa aikin ya faɗo kanki."

Da la'asar ta je shagon. Injin yanka takarda na ta ƙara, warin tawada da kananzir ya cika wurin, an shanya riguna a igiya suna bushewa. Ta zauna a kan tarin takardu tana jira ya sallami mutane. Ta shirya maganar a mota kala-kala, amma da shagon ya rage su biyu, duk ta watse.

"Yaya, katinka ya yi shuɗi. Duka biyun."

Yana goge roba da tsumma. Bai daina ba.

"Shuɗi irin na waɗancan?"

"Ba lallai ne ya zama abin da kake tunani ba. Abubuwa da yawa suna sa shi. So nake kawai mu je asibiti a duba."

Ya ajiye tsumman, ya yi wata 'yar dariya da ba irin tasa ba. "Bugun ne. Ai na faɗa a raina tun jiya, kakin nan ya yi ruwa. Ragar ma ta tsufa. Laifina ne, zan sake miki."

"Na gwada nawa da kati daga kwalin, fari ya fito."

"Naki ya dace da mai kyau. Ke kin san bugu? A ɗari sai ki sami goma da suka zame." Ya ɗaga firam ɗin ya nuna mata wani gefe da ita ba ta ga komai a ciki ba. "Kin gani? Nan."

"Yaya, don Allah. Awo ɗaya ne."

Ya juyo gaba ɗaya, fuskarsa ta canza. "Baba da ƙafarsa ya shiga asibiti, gawarsa aka fito da ita. Ni na riƙe masa takalmi. Ke kina makaranta, ba ki ga komai ba. Dube ni da kyau, na yi miki kama da marar lafiya? Jiya ni kaɗai na sauke takardun nan da kike zaune a kai." Ya nuna ta da yatsa. "Kuma in na ji maganar nan a bakin Umma ko a bakin antinki, ni da ke ne."

Kwanakin da suka biyo baya Auta ba ta san yadda suka wuce ba. Ta shiga aji ta koyar, ta fito ba ta tuna abin da ta ce. Ta ɗora shayi ta manta shi har ya ƙafe. In ta kira shi sai ya ce yana da mutane. In ta tura saƙo sai ya amsa da hoton dariya. Ta je gaida Umma, ta zauna a bakin gado tana matsa mata ƙafa, Umma na ba ta labarin maƙwabta, ita kuwa tana kallon hoton Baba a bango tana neman kamanninsa da Yaya. Goshin ɗaya ne, faɗin kafaɗar ma ɗaya.

"Ke lafiyarki? Ƙafar ce kike matsawa ko tsumma kike murɗawa?" Umma ta ce.

"Aiki ne, Umma."

"Aikin nan naku da ba ya ƙarewa."

Sai ga shi wata safiya ya shigo ɗakin gwajin ba sallama da ƙarfi, ba wasa. Ya dire sabon kwali.

"Sabuwar raga, sabon kaki. Da hannuna na buga, ɗaya bayan ɗaya, ban bar kowa ya taɓa ba. Gwada a gabana."

Katunan sun yi kyau fiye da duk wanda ya taɓa bugawa, layukan kamar an zana da reza. Ya zaɓi guda da kansa. Wannan karon bai yi raki ba da ta soke shi, kuma bai je taga ba. Suka sunkuya tare, kansa kusa da nata, tana jin numfashinsa. Jinin ya bi hanya, ruwan ya kai da'ira. Ta rufe ido. Da ta buɗe, shi yana nan yana kallo, shuɗin ya cika da'irar har baki.

Ya miƙe a hankali. Ya ɗauki katin, ya juya bayansa, ya sake juyo shi.

"Bugun ya yi kyau," ya ce.

"Yaya, mu je yanzu. Ga mota a ƙasa."

"Ina da aikin mutane."

Ya sa katin a aljihun riga ya fita. Ta bi shi har matakala tana kiransa, ɗalibai na ratsewa suna kallonsu. Bai waiwayo ba.

Ta koma ta cire farar rigar aiki, ta sake sa ta, ta sake cirewa. Tun da ta yi wayo ba ta taɓa tsallake maganar Yaya ba. Ko mijin da ta aura sai da Yaya ya ce to. Ta ɗauki jaka ta nufi gidansa.

Matar Yaya tela ce, ɗakin ɗinkinta na nan a gaban gidan. Anti suke ce mata, mace ce gajera mai kaifin baki, wadda Yaya da duk girmansa yake shakka. Auta ta same ta da allura a baki tana auna wani yadi. Ta faɗa mata komai a tsaye, har da gargaɗin da ya yi. Anti ta cire allurar ta soke ta a gefen mayafi.

"Tun yaushe?"

Auta ta faɗa.

"Kuma sai yau kike gaya mini? Ke da shi duk ku ci gidanku." Ta zauna a kujerar keke. "Ni na rage masa ƙugun wando kwanan baya. Na tambaye shi, ya ce wai rage tumbi yake yi. Abinci sai ya ci rabi ya ce ya ci a shago. Ni kuma na yarda, don ina so in yarda." Ta share ido da bakin yadin mutane, ta miƙe. "Tashi mu je."

Ba asibiti suka nufa ba, shagon suka je. Anti ta shiga ba ta gaida kowa ba, ta kashe injin daga bango, ta ce wa ma'aikata su tafi gida yau hutu ne, ta zare makullan daga ƙusa ta jefa cikin jakarta.

"Mene ne haka?" Yaya ya ce. Sai ya hango Auta a bakin ƙofa, ya gane. Kallon da ya yi mata ya sa ta sunkuyar da kai.

"Kar ka kalle ta, ni za ka kalla," in ji Anti. "Shagon nan ba zai buɗe ba sai likita ya gan ka. In ka ga dama ka fasa ƙofa, unguwa ta taru, in gaya musu dalili. Yara uku ka ajiye mini. In tsoro kake ji ka ce tsoro kake ji, ba wanda zai yi maka dariya, ni ma shi nake ji."

Ya dubi rigunan da ke shanye, ya dubi hannuwansa. Daga ƙarshe ya ɗauki hularsa.

A mota ya zauna a baya, ya juya fuska waje. Auta na tuƙi tana satar kallonsa ta madubi.

Asibiti ya ci su da jira. An ɗebi jini aka ce su dawo. Suka dawo aka ce sai an yi hoton ciki. Auta ta haddace benci, ta haddace tsagar da ke jikin bango, ta san wace fanka ce ke ƙara. Ba ta iya zama. Takan tafi ƙarshen baranda ta dawo, ta sayo ruwan da ba wanda ya nema, har Anti ta ce, "Ke, zauna, kina sa ni jiri." Yaya kuwa da Anti kaɗai yake magana. In yana son wani abu a hannun Auta sai ya ce, "Ce mata ta miƙo."

Likitar da ta kira su mace ce mai sanyin murya. Ta juyo musu allon kwamfuta, ta nuna wani ɗan tabo a cikin toka-tokar hoton.

"Awon jini ya nuna furotin ɗin ya hau sosai. Ga kuma dalili. Ƙari ne a hanta, kuma alamu sun nuna kansa ce. Amma ƙarami ne, bai kai kan babban yatsana ba, guda ɗaya ne, kuma yana gefen da za a iya yankewa. Yawancin masu zuwa mana sai ciki ya kumbura suke zuwa, lokacin ba abin da za mu iya. Kai me ya kawo ka da wuri haka?"

Yaya ya nuna Auta da haɓa ba tare da ya dube ta ba. "Wannan ce. Da matata."

"Akwai wani abu kuma," in ji likitar. "Mun sami ƙwayar cutar hanta a jininka, da alama ta daɗe, wataƙila tun yarinta. Ita ce ta jawo wannan. Irinta takan zauna a gida guda ba a sani ba. Ina so a auna kowa: matarka, yara, mahaifiyarku, da ke ma."

Aka auna kowa. Anti da yaran ba su da ita, rigakafi ya tsare yaran. Umma tana da ita. Auta ma tana da ita. Ta karɓi sakamakon a tsaye a baranda, ta karanta, ta ninke. Abin mamaki, ba ta ji faɗuwar gaban da ta zata ba. Hantarta lafiya lau tukuna, in ji likita, sai dai daga yau ita ma ta shiga layin masu zuwa awo a kai a kai har ƙarshen rayuwa. Duk shekarun nan tana ƙera katin ne don wasu mutane can da ba ta sani ba, ashe da ita a cikinsu.

Gaya wa Umma ya fi komai wuya, kuma ba yadda za a yi a ɓoye tunda an ɗebi jininta. Su ukun suka je. Yaya ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta ya yi bayani da kansa, yana sassauta kalmomi. Umma ta saurara har ƙarshe, carbinta ya tsaya cak a hannu.

"Irin na babanku ne?"

"Irinsa ne, Umma, amma an gan shi da wuri."

Ta ɗora hannu a kansa. Sannan ta dubi Auta. "Ke kuma shi ya sa kika kusa karya mini ƙafa ran nan."

Aka yi dariya, dariyar da ta ƙare da kuka.

Ranar tiyata da sassafe aka shiga da shi. An sa masa riga mai igiya a baya da ta yi masa kaɗan, yana ta ja yana mita wai wane tela ne ya yi wannan aika-aika. Da aka zo tura gadon, ya kama hannun Anti, ya gaida Umma, ya wuce Auta da ido. Ƙofar ta rufe.

Rana ta ɗaga, ta take tsaka, ta fara karkata. Umma na kan darduma a lungu. Anti ta zo da ɗinkin hannu, ta yi ta sokawa tana warwarewa. Auta ta zagaya ginin, ta sauka ƙasa ta hau, ta tsaya gaban ƙofar tana karanta rubutun da ke jiki kamar zai canza. Farfesa ya kira ya tambayi jiki, ya ƙara da cewa awon asibitin ya yi daidai da abin da katin ya nuna, wannan babban labari ne ga aikin. Ta ce, "Na gode, Farfesa," ta kashe wayar gaba ɗaya. Ta san gaskiya ya faɗa, amma a ranar ba ta son jin sunan katin.

Da likitan tiyata ya fito yana cire hular kansa, Anti ce ta fara isa gare shi. An cire ƙarin duka, ya ce, da ɗan naman da ke kewaye da shi. Bai ga alamar ya bazu ba. Ba zai yi musu alkawari ba, domin irin wannan yakan dawo, sai an riƙa dubawa, ga kuma maganin ƙwayar cutar da zai riƙa sha kullum. Amma yau dai an yi nasara. Sai a lokacin Auta ta zauna a bencin, ta ji yunwa ta taso mata kamar ta shekara ba ta ci ba.

An sallame shi ya koma gida ya rame, wuyansa ya yi tsawo, muryarsa ta ragu. Auta na zuwa kullum bayan aiki, ta kawo magani, ta duba yaran da aikin makaranta, ta gaishe shi daga bakin ƙofa. Yakan amsa da "Lafiya" ya juya. Anti ta ce ta rabu da shi, kunya ce ke cin sa, bai san ta inda zai sauko ba.

Wata la'asar ta zo ta same shi zaune a bakin gado, ya sa takalmi. Likita ya ce ya riƙa ɗan tattaki. Anti na ɗakin ɗinki da baƙi.

"Ke," ya ce. "Zo kama ni."

Ta ajiye jaka da sauri ta shiga ƙarƙashin hannunsa. Suka fito tsakar gida a hankali, yana dafe da gefen cikinsa, suka fita ƙofa, suka bi gefen titi. Masu shaguna na ɗaga masa hannu suna yi masa sannu, yana amsawa da kai. Ya yi nauyi a kafaɗarta duk da ramar.

"Ban huce ba fa," ya ce.

"Na sani, Yaya."

"Na ce kar ki faɗa, kika kwashi ƙafa kika kai wa wannan matar. A gaban yaran shagona ta kashe mini inji."

"Ka yi haƙuri."

"In aka sake, za ki kuma?"

"Zan kuma."

Ya yi tsaki, amma ta ji hannunsa ya ƙara riƙe kafaɗarta. Suka wuce shagon mai walda, wani abokinsa tun na yarinta, wanda ya ɗaga gilashin fuskarsa ya yi musu kirari.

"Wancan ma wansa hanta ce ta kashe shi," Yaya ya ce ƙasa-ƙasa. "Na ce masa zan sa ki zo ki soki yatsansa."

"Ba a ba mu izinin gwada mutane haka ba tukuna. Sai an gwada katin a kan jama'a da yawa, hukuma ta duba ta amince. Da saura. Ka ce masa ya je asibiti."

"Ba zai je ba. Taurin kai gare shi kamar jaki."

Auta ta ɗago ta dube shi. Ya kauda kai yana ƙoƙarin haɗiye dariya, dariyar ta ja masa ɗinkin, ya dafe ciki yana cewa wash.

"Yana da mata?" ta ce.

"Yana da. Ta fi antinki ma."

"To ka ba ni lambarta."

"Ke dai ba ki da kirki." Ya tsaya yana maida numfashi, ya auna nisan da suka yi, ya auna na komawa. "Juya da ni, na gaji. Gobe sai mu kai har wajen mai gyaran taya."